Zanen Ya Talatu

A aikinmu ba ma ba ɗan wasa takarda. Sai an je wurin ɗauka darakta yake jan mutum gefe ya ce masa, "Kai yanzu an gaya maka ɗanka ya ɓata, ka fito da gudu ka ce kaza da kaza." Ya yi, a ce ya yi kyau, ya sha ruwan leda ya kama gabansa. Abin da ya faru kafin fitowarsa da wanda zai biyo baya, sai ranar da aka haska ya gani tare da kowa. Mukan ce don kada labari ya fita ne. Gaskiyar magana rabin 'yan wasanmu ko an ba su takardar a jaka za ta kwana, kuma sau da yawa mu ɗin ma ba mu gama rubuta ta ba.

Ni ce mai rubutun. Sunana Zulaihat, haifaffiyar Nguru. Shirinmu mai dogon zango ne, sunansa Mutanen Ƙasan Gulbi, ana haska shi duk Lahadi ƙarfe biyar na yamma. Labarin aljanun ruwa ne da yadda suke cuɗanya da masunta. A fadamar bayan gari muke ɗauka, cikin ciyawar kacalla da sauro, aljanunmu kuwa hoda ce da gashin doki da shuɗiyar fitila. Amma jama'a sun karɓe shi hannu bibbiyu. Har a wurin biki akan nuna ni a ce, "Waccan ce take haɗa abin," ni kuma in sunkuyar da kai kamar ba na so, alhali ina so.

Meram ce tauraruwar shirin, kuma ƙawata ce tun muna aji ɗaya a makarantar kwana. 'Yar unguwar Katuzu ce a Gashua. Gadonmu ɗaya sama da ƙasa, kwanonmu ɗaya, kuma duk wani duka da na sha a makaranta rabinsa nata ne, don bakina yakan ja mana ita kuma ta tsaya a raba. Hutu kaɗan na yi a gidanmu. Yawanci Gashua nake bin ta wurin mahaifiyarta, Ya Talatu, wadda take bandar kifi tun mijinta yana raye har bayan rasuwarsa. "'Yar Nguru" take kirana, kuma ba ta taɓa zuba wa Meram miya ta fi tawa ba.

A hutun aji uku na ce sai na taya ta juya kifi. Ta ce ba aikina ba ne, na ce ai ba wani abu ba ne. Wayar banda ta lashe ni a wuyan hannun dama, na kwarma ihun da ya tara maƙwabta. Meram ta riƙe hannun, Ya Talatu tana shafa zuma tana yi min dariya, haka aka yi ta yi kwana bakwai safe da yamma. Tabon yana nan har yau, ɗan lanƙwasasshe kamar jinjirin wata.

A wannan hutun na gane Ya Talatu tana da Alhamis. Duk ranar, da an idar da La'asar, sai ta rufe wutar bandarta, ta ɗaura wani tsohon zane shuɗi mai zanen ganye, ta ɗauki wata 'yar ƙwarya da aka ɗinke tsagarta da zare, ta zuba ƙanzo ta fita. Ba mai tambayarta, ba mai raka ta. Ni da ba na ganin abu in ƙyale, na bi ta. Ta san ina biye, ba ta kore ni ba.

Ta sauka bakin kogi ta wani wuri da ba a wanki, ta watsa ƙanzon a ruwa, ta yi karatu ƙasa-ƙasa, ta shafa. Sannan ta ɗaga murya kaɗan, irin yadda uwa take kiran yaro daga ƙofar gida, ta ce, "Humaira! Rana ta yi, taho gida." Sau uku. Ta ɗan saurara, ta ɗauraye ƙwaryar ta juyo.

A hanya ta ba ni labarin. Humaira ƙanwar Meram ce, shekararta biyar. Ranar wata Alhamis da ruwa ya kawo, yara suna wasa a bakin kogi, Ya Talatu kuma tana da kifi a kan wuta. Ta ce bari ta juya wannan layin sannan ta kira ta. Ta juya, ta ga na gaba ma ya yi, ta juya shi. Da ta fito kira, ƙwaryar nan da yarinyar take wasa da ita kawai aka samu. Masunta sun yi kwana uku suna nema har gaban gada, ba a ga gawa ba.

"Kowa yana da kabarin da zai je," in ji ta. "Ni nawa yana tafiya. Ƙanzon sadaka ce ga kifi, ladan nata. Kiran kuwa, ban yi shi ranar ba, shi ya sa nake yi."

Shekara goma sha uku labarin nan yana cikina ban gaya wa kowa ba. Sai da muka kai kashi na goma sha ɗaya kaina ya ƙafe, darakta Abdulbaƙi yana kirana safe da yamma, sannan na tuna da shi. Na samu Meram na ce me zai hana mu yi wa Ya wani abu na girmamawa, mu nuna uwa mai zuwa bakin ruwa tana kiran 'yarta, duniya ta ga irin zuciyar iyaye mata. Allah shi ne shaida, a lokacin iyakar niyyata ke nan.

Meram ta ce sai ta tambaya. Ta je Gashua ta dawo da leda a hannu. Ya Talatu ba yarda kawai ta yi ba, har zanen da ƙwaryar ta bayar aro, ta ce tunda 'yar Nguru ce za ta rubuta, ba za ta rubuta abin banza ba. Sharaɗinta ɗaya, a dawo mata da su kafin Alhamis.

Ranar Litinin muka ɗauka. A takardata sunan yarinyar Zahra. Meram ta ɗaura zanen, ta sauka bakin ruwa, ta watsa ƙanzon, ta buɗe baki sai ta ce, "Humaira!" Ba wanda ya ce a tsaya. Mai kyamara yana ɗauka yana share ido da kafaɗa. Da ta gama ta zauna a ƙasa ta yi kuka na gaske, na je na rungume ta. Abdulbaƙi ya ce ba za a sake ba, ko sau ɗari aka yi ba za a samu kamar wannan ba, a bar sunan yadda ya fito. Da yamma Meram ta wuce Damaturu wani aikin, ta bar min ledar ta ce in aika wa Ya da direba ranar Laraba.

Washegari Abdulbaƙi ya kalli abin a kwamfuta ya tafa hannu.

"Malama Zulaihat, wannan ai zaman makoki ne. Ya yi kyau, amma ina aljanin? Mutane ba ta'aziyya suke kunna talabijin su gani ba. Me ya haɗa matar nan da mutanen ƙasa?"

Nan ne wurin da nakan so in ce tilasta ni ya yi. Bai tilasta ni ba. Tambaya ya yi, ni kuma amsar ta faɗo min a kai ɗungurungum, har tsigar jikina ta tashi don daɗi. Na ce to idan ba hatsari ba ne fa? Idan ita ce ta ba da yarinyar? Kifinta ba ya ciniki, sai ta yi alkawari da uwar ruwa, ta miƙa 'yarta, kasuwa ta buɗe mata. Ƙanzon da take kaiwa duk Alhamis sabunta alkawari ne, kiran kuma nadama. Abdulbaƙi ya miƙe tsaye ya ce, "Wallahi ke bala'i ce!" Na ji kamar an naɗa ni sarauta.

Ya ce a kira Meram ta dawo a ɗauki wurin miƙa yarinyar. Na yi saurin tare shi. Na ce Meram tana da aiki, kada a dame ta, ai daga baya za a ɗauka, fuska ba za ta fito ba, zanen kawai ake bukata. Ya ce wa zai ɗaura? Na duba, tsayinmu ɗaya da Meram.

Ni na ɗaura zanen Ya Talatu. Ni na riƙe hannun 'yar yarinyar da muka ɗauko, na shiga ruwa har gwiwa, na miƙa hannunta ga wata mai hoda da gashin doki. Mai kyamara ya matso ya ɗauki hannuwan kusa da kusa. Bayan an gama na wanke zanen da kaina, na shanya, na goge, na aika da shi ranar Laraba kamar yadda aka ce, har da ɗan turare na ɗora a kai.

Sati uku ke tsakanin ɗauka da haskawa. Kullum in na kwanta sai in ce gobe zan gaya wa Meram, gari ya waye in ce ai wasa ne, kowa ya san wasa ne, ba a ambaci Gashua ba, ba a ambaci Talatu ba. Na yi ta lallashin kaina har na kusa yarda. Sai ana jibi za a haska Meram ta kira ni tana murna.

"Ƙawas, Ya ta ce lallai ki zo mu kalla tare. Ta gaya wa duk unguwa. Har tabarmi ta aro."

Da ina da hankali da na ce ba ni da lafiya. Da ina da mutunci da na faɗa mata a wayar. Na ce to, sai na zo.

Ranar Lahadi na shiga mota da niyyar da na sauka zan ja Meram gefe. Daga Nguru zuwa Jajimaji na tsara maganar tsaf. Daga Jajimaji zuwa Gashua na rage ta, na cire wurin da na ɗaura zanen. Da ɗan acaɓa ya sauke ni a Katuzu ba abin da ya rage a cikinta sai sallama.

Gidan ya cika. An fito da talabijin tsakar gida an ɗora a kan turmi da faifai, an ja waya daga batirin sola na maƙwabta. Mata sun kai ashirin, ban da yara. Ya Talatu ta tare ni tana "Lale, lale da 'yar Nguru," ta zaunar da ni kusa da ita a kan tabarmarta, ta tura min kwanon shinkafa da miyar tarwaɗa. Tana gaya wa kowa, "Wannan ce ta rubuta. A gidan nan ta girma." Zanen ne a jikinta, ko da yake ba Alhamis ba ce. Na kai loma ɗaya na tsame hannuna.

Rabin farko ya tafi yadda Meram take fata. Da aka nuno ta tana sauka bakin ruwa, tsakar gidan ya yi tsit. Da ta ce "Humaira," wata tsohuwa ta ce, "Allahu akbar," mata suka fara jan majina. Ya Talatu ba ta yi kuka ba. Ta kai hannu ta dafa gwiwata ta bar shi a nan. Meram ta leƙo ni ta bayan uwarta tana murmushi da hawaye.

Aka tafi talla aka dawo. Sai hoton ya koma shuɗi, aka rubuta a ƙasa cewa shekarun baya ne. Ga mace ta ba da baya cikin zane mai zanen ganye, tana jan yarinya zuwa ruwa. Muryar uwar ruwa ta fito, da kalmomin da ni na rubuta, "Kin kawo abin da kika alkawarta?" Aka nuno hannuwan, babba yana saka ƙarami a cikin farin hannu. Sannan aka nuno kasuwa, mutane suna rububin kifi.

Hannun Ya Talatu bai bar gwiwata nan take ba. Sai da aka fara kiɗan ƙarshe ta ɗauke shi a hankali ta mayar cinyarta. Wani yaro ya ce, "La, ashe ita ta ba da ita!" uwarsa ta make masa baki. Mata suka fara neman takalmansu. Wannan ta tuna ta bar tukunya a wuta, waccan ta ce Magariba ta kawo kai. Ba wadda ta kalli Ya Talatu, kuma rashin kallon ya fi kallon muni. Wata dattijuwa da ake kira Hajja Fadimatu ta tsaya a bakin zaure tana gyara mayafi, ta ce da ta kusa da ita, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "To, tunda 'yar cikinta ce ta fito ta nuna."

Meram ta miƙe tsaye.

"Ban yi wannan ba! Wallahi Ya, ban ɗauki wannan ba! Wata suka saka!" Ta juyo kaina. "Zulaihat, Abdulbaƙi ne ko? Bayan idonki ya yi ko? Ke ma ba ki sani ba ko?"

Ga ƙofa a buɗe, faɗin gaskiya bai fi kalma biyar ba. Na dubi ƙasa na girgiza kai, irin girgizawar da za a iya fassara ta yadda aka ga dama. Meram ta tsaya tana kallona na ɗan lokaci, sannan ta ɗauki waya ta fita waje tana neman Abdulbaƙi. Allah ya sa wayarsa a kashe take, na ji daɗin hakan, kuma na ji kunyar jin daɗin. Ya Talatu ta tashi ta naɗe tabarmin aro ɗaya bayan ɗaya, ta ce in tashi in yi alwala.

Washegari da safe na iske ta a bayan gida wurin banda, tana jera kifi a kan waya. Ta canza zane. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, har da tambayar ko sauro ya bar ni na yi barci. Na ce bari in taya ta, ta ce a'a, aikin nan ya taɓa cizona. Ta ci gaba da jerawa, can ta ce:

"'Yar Nguru, wa ya gaya miki?"

Na ce, "Me, Ya?"

"Abin da mutane suka ce. Ni ban gaya miki ba. Meram tana ƙarama lokacin, na hana kowa ya faɗa a gabanta. To wa ya gaya miki?"

Ban gane ba sai da ta yi bayani. Shekarar da Humaira ta tafi, ruwa ya yi yawa, kifi ya yi albarka, kowa ya samu, har da ita. Amma ita kaɗai ce ta rasa ɗa ba a ga gawa ba. Kafin a yi sadakar arba'in magana ta zaga cewa ba da ita ta yi. Aka daina sayen kifinta a Katuzu, sai ta ba wani ya kai mata Nguru a matsayin nasa. In ta shiga gidan suna, uwar jego takan ja jaririnta jiki. Mijinta ya yi faɗa har gaban mai unguwa, bai hana komai ba. Ta ce shekara bakwai aka yi kafin mace ta sake miƙo mata jariri ta ce riƙe min.

"Ban daina zuwa kogin ba," ta ce. "Na ce in na daina, sun ce gaskiya ce. In na ci gaba, sun ce gaskiya ce. To gara in je wurin 'yata. Har suka gaji, masu faɗa suka tsufa, wasu suka mutu. Na ɗauka ta mutu tare da su."

Na ce, "Ya, ba wanda ya gaya min."

Ta tsaya da kifi a hannu ta dube ni sosai.

"Au. Da kanki kika gano?"

Da ta zage ni da na samu sauƙi. Abin da na ɗauka basira ce, har nake jin kaina, ashe tsohon tsegumin unguwa ne da ko wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta riga ni shi da shekara goma sha tara. Na fashe da kuka ina cewa ta yafe min, darakta ne, matsin aiki ne, ban san me da me ba. Ta ajiye kifin ta goge hannu, ta kamo hannuna na dama ta juya shi, ta ɗora babban yatsanta a kan tabon.

"Darakta ba shi da wannan," ta ce. "Ya warke da kyau. Har a talabijin ya fito."

Ta sake ni ta shiga ɗaki, ta fito da leda biyu. Ɗaya kifi ne, irin wanda takan ƙulla min duk zuwa in kai wa mahaifiyata, ba ta rage ko ɗaya ba. Ɗayar zanen ne a ninke.

"Tafi da shi. Kowa ya gan shi yanzu, in na ɗaura na fita yara za su bi ni. Na yafe miki, don in ban yafe ba ni zai dama. Amma Meram ba ni ba ce, ba kuma zan yi miki aikinki ba."

Meram ce ta raka ni tasha. Ta ƙi mu hau acaɓa, ta ce mu taka. Ita ta ɗauki ledar kifin, ni na rungume ta zanen. Duk hanyar zancen Abdulbaƙi take yi, yadda za ta bar shirin, yadda za ta tsaya a gabansa ta gaya masa abin da bai taɓa ji ba. Muka wuce wasu 'yan mata a bakin famfo, ɗaya ta ce, "Ga ta can, ita ce," wata ta sirantar da murya ta ce, "Rana ta yi, taho gida," suka ƙyalƙyale. Meram ba ta waiwaya ba. Sai da muka yi nisa ta ce:

"Ke dai da kin sani ai da kin gaya min, ko ƙawas?"

Na ce, "Uhm."

A tasha motar Nguru saura mutum biyu. Ta saka min kifin a ƙarƙashin kujera, ta ce wa direba ya bar min gefen taga don mota tana juya min ciki. Wannan kulawar ce ta karya ni. Na riƙo mayafinta na ce, "Meram, ni ce. Ni na kawo shawarar, ni na rubuta, ni na ɗaura zanen. Abdulbaƙi bai san ma labarin gaske ba ne."

Ba ta firgita ba, ko gira ba ta ɗaga ba.

"Na sani," ta ce. "Kwana bakwai ina riƙe da hannun nan ana shafa masa zuma, kina tsammani ba zan gane shi ba? Tun kafin yarinyar ta shiga ruwa na gane tafiyarki ma."

"To me ya sa kika..."

"Na tambaye ki a gaban Ya, don ki faɗa ta ji daga bakinki, in samu abin da zan riƙe in ce kuskure ne. Na sake tambayarki yanzu a hanya, mu biyu, ba kowa. Da kin faɗa a ɗaya daga ciki, da na zage ki tas, na yi wata biyu ba na ɗaukar wayarki, shi ke nan." Ta zare mayafinta daga hannuna, ba da fizga ba. "Sai da kika ga mota za ta tashi."

Kwandasta ya buga ƙofa ya ce a shiga. Na shiga. Ta leƙo ta taga, na ɗauka wani abu za ta ƙara, ko zagi ne ina so.

"Allah ya kiyaye hanya, Malama Zulaihat," ta ce. "A gaida mutanen gida."

Mun yi gyara daga baya. Na rubuta kashi na goma sha huɗu aka nuna ashe uwar ruwa ce ta ɗauki siffar matar, ita ba ta san komai ba. Wata ce ta fito a matsayin, don Meram ba ta dawo ba. An kalla, amma ba kamar na goma sha ɗaya ba, wanda har yau shi ne ake turawa a waya. Na kira Meram ta ɗauka, mun gaisa, ta tambayi aiki, na tambayi Ya, ta ce lafiya lau. Haka muke yi yanzu, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu.

Direban da yake kai min saƙo Gashua maƙwabcinsu ne. Rannan na daure na tambaye shi ko Ya Talatu tana zuwa bakin kogi har yanzu. Ya ce tana zuwa, duk Alhamis, ita da 'yarta mai fitowa a talabijin, wadda take tsayawa daga sama tana korar yara. Na ce tana kiran? Ya yi ɗan tunani.

"Tana dai watsa abin nan a ruwa," ya ce. "Bakinta yana motsi. Amma ba a jin komai."